Daga Kawo Zuwa Kasuwar Barci

Mu biyar a Keke, duk 'yan layi ɗaya,
ni a gaba, rabin jikina a waje,
gwiwata na gugar ta direba.
Ba mu bar gadar Kawo ba
Sabitu ya ce, "Kun kalli sabon nan da aka fassara?"
Shi ke nan, an tsokano gidan rina.

Shi Sabitu bakanike ne, baƙin mai har cikin farce.
Ya ce dambe ne ya kai shi:
"Mutum ɗaya, 'yan daba arba'in, a saman jirgin ƙasa!
Da sarƙar babur ya raba su da haƙora,
rigarsa ko maɓalli bai tsinke ba.
Amma da sun fara waƙa, sai in tura gaba."

"Ka tura gaba?" in ji Ladidi, malamar asibiti,
ta gyara jaka a cinya.
"Ka tauna ƙashi ka zubar da romo.
Wurin da yarinyar ta tsaya a tasha
riƙe da kwanon abincinsa har ya huce,
ba ta ce uffan ba, ido kawai,
sau uku na mayar da shi baya.
Wanda bai ga wannan ba, me ya gani?"

Direba ya kauce wa rami, ya faɗa wani.
"Ni motar ce ta ba ni haushi.
Sau bakwai ta wuntsila daga kan dutse,
ya fito yana gyara gashi.
Shekaranjiya madubi kawai aka goge min a Unguwar Sarki,
har yau mai Keken bai daina kirana ba."

Ni kuwa na yi gum.
Jiya waya ta mutu a hannuna
daidai an ɗora wa jarumin bindiga a goshi,
kuma kwananmu uku ba wuta.
Ina ta roƙon Allah a raina
kada gardamar ta kai ƙarshen fim
kafin mu kai inda za mu.

Baba Haladu ne a tsakiya, tun ɗazu kamar mai gyangyaɗi.
Sai ya yi gyaran murya.
"Mu a zamaninmu ba fassara.
Ranar albashi, daga masaƙa a Kakuri sai silima,
benci ne, sama a buɗe.
Ba ma jin ko kalma ɗaya,
amma duk mun san inda ake kuka.
Wata rana ruwa ya sauko musu a majigi,
mu ma ya sauko mana,
ba wanda ya tashi.
Marigayiya ta rufe mu da gyalenta, mu biyu."

Keke ya yi tsit, sai ƙarar inji.
Sabitu ya dubi farcensa.
Ladidi ta dubi titi.

"Wannan ɗin ma jikata ta kunna min," in ji Baba.
"Ba laifi. Da dai ba su kashe yaron a ƙarshe ba."

Innalillahi! Na dafe kai.

"Bai mutu ba, Baba!" Ladidi ta zabura,
"yatsansa ya motsa, akwai kashi na biyu!"
Sabitu ya rantse gawa ce, har da furanni a wuya.
Direba ya ce wanda mota ba ta kashe ba,
ina harsashi zai iya?

Da haka muka iso Kasuwar Barci,
kowa ya sauka da gaskiyarsa a aljihu.
Na biya kuɗin Keke.
Canjin da aka ba ni
na miƙa wa mai cajin waya,
na zauna a bencinsa ina jira
in ga yatsan da idona.